Ruwan da Aka Ɗura wa Yayana

Marin farko da na sha a ƙasar Najeriya, ko Katsina ba mu kai ba. Wani shinge ne bayan Jibiya, an gitta katako mai ƙusoshi a kan kwalta, aka ce kowa ya sauko. Wani mai baƙin gilashi ya tambaye ni daga ina, na ce daga Tasawa. Ya ce ina za ni, na ce neman abinci. Har yau ban san inda amsar nan ta ɓata masa rai ba. Sai saukar tafi na ji a kunnen hagu, hulata ta yi tsalle ta faɗa kwata. Ni kuwa tun ina yaro ba a taɓa ni in ƙyale. Na dunƙule hannu ke nan, yayana Lawali ya damƙo wuyan rigata ta baya, ya durƙusa yana ba mutumin haƙuri sai ka ce shi ya yi marin.

Da muka koma mota ya ce mini a hankali, "Sanusi, nan ba gida ba ne. In an mare ka, ɗauki hularka ka yi gaba."

Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya da Lawali, shi ne babba. Ya riga ni sanin Kaduna, ya yi cin rani a can yana tura kurar ruwa, ni kuwa ban taɓa wuce Maraɗi ba. Ban san hanya ba, ban san kowa ba, ko kuɗin ƙasar sai ya duba mini. Sanyin halinsa yana ba ni haushi ƙwarai, amma na san abu ɗaya: a duk faɗin ƙasar nan shi kaɗai gare ni, kuma in ya faɗi, ni ma na faɗi.

A tashar Kawo aka sauke mu, muka taka zuwa Kurmin Mashi. Can Lawali ya bar kurarsa da jarkokinsa amana wurin wani mutumin yankinmu, lokacin da ya koma gida noma. Muka tarar da mutumin zaune a benci yana sakace. Ya yi mana maraba har da rungume Lawali, sannan ya sauke murya ya ce ai ɓarayi sun shigo da damina sun kwashe komai. Lawali ya ce Allah ya mayar da alheri. Bai rufe baki ba sai ga wani ƙato ya turo kura ta gabanmu, hannunta da shuɗin fenti, da tabon walda a gefen da Lawali ya sha ba ni labarin ya gyara da kansa. Na dubi yayana, ya sunkuyar da kai. Ni ban sunkuyar ba. Na tashi na sa wa mai amanar nan goshi a hanci, na ji ya yi ƙas, jini ya wanke masa gaban riga. Kafin in ƙara, abokansa sun fito da gorori. Aka bi mu lungu-lungu ana jifa, wani dutse ya fasa wa Lawali ƙeya, ni kuma aka samu bayana da gora har sai da numfashina ya ɗauke. Ranar farko ke nan a garin da aka ce mini ana samun arziki.

Gudun nan ne ya kai mu Unguwar Dosa, muka zube a ƙofar wani masallaci bayan la'asar. Wani dattijo kafinta, Malam Isiya, ya ga jini a wuyan Lawali, bai tambaye mu ko su wane ne mu ba. Ya kai mu shagonsa, ya wanke ciwon da ruwan ɗumi, ya aika aka sayo mana waina da miya. Ya nuna mana wani lungu bayan tarin katako ya ce, "Ku kwana nan har ku samu ƙafa. Sharaɗina ɗaya, kada a sha taba kusa da kayana." A nan muka zauna, ba mu taɓa samun ƙafar ba, shi kuma bai taɓa tuna mana ba.

Shi ya tsaya mana wurin wani mai rijiyar burtsatse aka ba mu hayar kura. Aikin ba wuyar ganewa gare shi ba, wuyar yi gare shi. Ka bi layi, ka cika jarkoki, ka tura zuwa Malali inda gidajen ma'aikata suke, masu dogayen katangu da tankuna a sama waɗanda rashin wuta ya bari fayau. Ka yi ta kiran mai ruwa har maƙogwaro ya bushe. Ba mai tambayar sunanka. Kai ne Mai ruwa, kai ne Ɗan Nijar, in an so tsokana a ce Buzu, ko da ba ka taɓa naɗa rawani ba. Tafin hannuna ya yi bororo, ya fashe, ya yi kanta. Rigunanmu kuwa in suka bushe sai ka ga farin zane a baya da hammata, gishirin gumi ne ya kwanta. A layin rijiya ba a mako ba a yi dambe ba, kuma yawancinsa da ni a ciki. Lawali ne mai raba faɗa, shi ne kuma mai shan naushin da ya ɓace hanya.

Kewar gida ta fi cina da magariba. In na ji ƙanshin hayaƙin itace daga wani gida sai in tuna furar Inna, mai kauri, wadda ludayi ke tsayawa a ciki. Nan kuwa shayi da burodi ne safe da yamma. In muka kira ta a waya, Lawali ne mai cewa lafiya lau muke, aiki na tafiya, mutanen garin masu kirki ne. Ni sai in karɓa in ce haka ne, Inna, alhali leɓena a kumbure.

Da bazara ta kankama, rijiyoyi suka ja baya, man janareta ya yi tsada, layi ya yi tsawon da sai ka yi rabin yini ba ka cika kura ɗaya ba. Nan wasu daga cikin masu garuwa suka fara wayo. Su sulale bakin kogi da sassafe, su ɗebo, su jefa alif ruwan ya kwanta ya yi garai-garai, su sayar a matsayin na burtsatse. Kowa a cikinmu ya san ana yi. Na taɓa ce wa Lawali mu ma mu gwada, ya yi mini kallon da ban taɓa gani a idonsa ba, ya ce, "Yara ke shan ruwan nan, Sanusi." Ban sake tayar da maganar ba.

Sai amai da gudawa suka shiga wani layi a Malali. A gidan wani Alhaji mai koren ƙyaure, ma'aikacin gwamnati ne, yara biyu suka kwanta, aka kai ƙaramar asibiti ba ta san inda take ba. Gidan ba mu kaɗai ke kai masa ruwa ba, duk kurar da ta wuce suna saye. Amma mu ne muka biyo ta layin a ranar da zuciyar kowa ta kawo wuya.

Rana ta take tsaka. Tun asuba muke turi, ba abin da Lawali ya sa a cikinsa sai shayi. Muna shiga layin na ga samari sun taso daga ƙarƙashin bishiyar mangwaro, 'yan sintirin unguwa ne, da kulake da dorina. Babbansu wani dogo mai tabo a gira, suna ce masa Kwamanda. Ya sa ƙafa ya tare tayar kura.

"Ku ne masu ɗebo mana ruwan kogi ko?"

Lawali ya ce, "Wallahi, ranka ya daɗe, na burtsatse ne. A zo a tambayi mai rijiyar, ga ta can Unguwar Dosa."

Kwamanda ya ce ba inda za shi. Ashe a unguwar suna da hukuncinsu da suka saba yi wa mai garuwar da ake zargi: in ruwanka mai kyau ne, to sha a gani. Da ma kofi ɗaya ake ba mutum, in ya yi jim an kama shi. Lawali bai yi jim ba. Ya buɗe jarka, ya cika moɗar da aka miƙo masa, ya yi bisimilla ya shanye, ya juya ta ƙasa. Na ɗauka magana ta ƙare.

Alhajin ne ya fito daga gida, idonsa jajir, da gani bai yi barci ba. Ya ce, "Kofi ɗaya? 'Yata tana can an rasa jijiyar da za a sa mata allura, shi kofi ɗaya zai sha ya tafi? Ya shanye jarkar."

Jarka irin ta man gyaɗa ce, babba, wadda ƙato ke ɗauka yana nishi. Aka yi dariya, na ɗauka wasa ne. Sai na ga an danne Lawali ya durƙusa a kan kwalta mai zafi, an cika moɗa an ba shi. Ya sha. Aka ƙara, ya sha. Aka ƙara. Da ya tsaya ya ja numfashi, dorina ta sauka a bayansa har rigar ta tsage.

Ban san lokacin da na sungumi jarka na maka wa na kusa da ni a ƙirji ba. Na samu wani da naushi a baki, haƙorinsa ya yanke mini yatsa. Daga nan suka rufe ni. Kulki ya same ni a gwiwa na zube, takalmi ya same ni a baki na tofar da haƙori guda tare da jini. Suka ja ni suka ɗaure a jikin turken wuta da igiyar kurarmu, fuskata tana kallon yayana. Kwamanda ya ce in na sake motsi za a ba ni tawa jarkar.

Ina tsaye a ɗaure na kalli komai. Cikin Lawali ya tashi ya yi tim kamar na akuyar da ta ci rogo. Ya yi amai, ruwa zalla, suka ce ai ya mayar, a sake. Da hannunsa ya kasa riƙe moɗa, wani ya kawo mazurarin da ake ɗura fetur a janareta, aka ɗaga masa haɓa, aka toshe masa hanci. Yana shaƙewa, ruwa na fita ta hanci, in ya samu sarari sai ya ce, "Zan sha, ku bari in sha da kaina." Mata suna leƙe ta saman katanga. Wani yana ɗauka da waya. Na zage su, na zagi iyayensu, na roƙe su da girman Allah, na koma na yi kuka kamar mace mai naƙuda, ba wanda ya ko waiwayo. Sai da aka kira sallar azahar, jarkar ta yi wajen rabi, sannan Alhajin ya ce a ƙyale shi haka. Suka sassare sauran jarkokin da adda, suka kwance ni, suka tafi alwala.

Na ɗora Lawali a kan kurar da babu komai, ina ɗingishi na tura shi zuwa shagon Malam Isiya. A hanya yana magana. Ya ce kansa kamar ana sara da gatari. Ya ce in tsaya zai yi fitsari, ya yi ɗan kaɗan. Har ya ce mini, "Ka ga da ka yi shiru da haƙorinka na nan." Na ji sanyi a raina, na ce tunda yana faɗa mini magana ai da sauƙi. Ruwa ne fa kawai. Wa ya taɓa jin ruwa ya yi wa mutum illa in ba nutsewa ya yi ba?

Muna isa shago ya fara kirana da sunan ƙanenmu da ya rasu tun muna yara. Ya tashi zai fita, wai awaki sun shiga gona. Ƙafafunsa suka harɗe ya faɗi cikin garin katako. Malam Isiya ya ce zafin rana ne da firgita suka taɓa shi, ya ɗebo ruwa a kofi ya yi tofi, ya tallafo kansa ya ba shi. Abin da kowane mai imani zai yi ke nan in mutum ya suma a gabansa, kuma da zuciya ɗaya ya yi. Bai kai ga ajiye kofin ba jikin Lawali ya sandare. Idanunsa suka juye, haƙoransa suka datse harshe, ya shiga jijjiga yana buga kai da ƙafar benci, kumfa da jini suna fita ta gefen baki. Na danne shi da duk ƙarfina, yana ɗaga ni sama.

Mai keken haya na farko da ya ga halin da yake ciki ya ƙi tsayawa. Na biyu Malam Isiya ya sha gabansa a tsakiyar titi.

A asibitin gwamnati wata likita ce ta karɓe mu, ba ta da jiki, amma muryarta na tsayar da mutum. Ta tambayi abin da ya sha, na ce ruwa. Ta ce wane irin ruwa, na ce ruwan sha, na faɗa mata yadda aka yi. Ta sa aka ɗebi jininsa da gaggawa. Can sai na ga nas ta rataya leda a ƙarfe tana neman jijiya a hannunsa. Kaina ya yi zafi, na yi tsalle na riƙe ledar.

"Ruwa kuma? Mutumin da ruwa ya kayar shi za ku ƙara wa ruwa?"

Likitar ta ce, "Malam, sake ledar nan ko in sa a fitar da kai." Na saki. Da suka gama ta ja ni gefe. Ta ce jinin mutum yana da gishirinsa daidai gwargwado, su suna ce masa sodiyam, kuma da shi ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ke aiki. Yayana ya yini yana gumi, gishirin ya riga ya ragu, aka zo aka ɗura masa ruwan da ya fi ƙarfin abin da ƙoda za ta iya fitarwa. Jinin ya tsinke kamar miyar da aka cika wa ruwa. Ruwan da ya rasa wurin zuwa ya shige ƙwaƙwalwa ta kumbura, ƙoƙon kai kuwa ba ya buɗewa ya ba ta wuri. Abin da suka rataya ruwan gishiri ne mai ƙarfi, kuma da lissafi ake ba da shi, don in aka yi gaggawar mayar da gishirin shi ma wata illar ce.

Na ce, "To ruwan namu ba shi da guba ke nan?"

Ta ce, "Ko ruwan da ya fi kowane tsabta a duniya aka ɗura masa haka, abin da zai faru ke nan. Da kun kawo shi tun yana magana, da ya fi."

Wannan bayanin a cikin ɗakin asibiti ya tsaya. A Malali labarin da ya zaga daban ne. Cewa aka yi an kama mai ruwan guba, an ba shi ruwansa ya sha, ga shi can ya faɗi yana kumfa. Faɗuwar yayana ita ta zama shaidar laifinsa. Har a layin rijiya na ji wani ɗan garuwa, wanda na san da idona yana zuwa kogi, yana cewa Allah ya tona asirin Lawali. Ranar na koma shago na ɗauki gudumar Malam Isiya na soke a ƙugu. Na san bishiyar da Kwamanda ke zama. Dattijon ya tsaya a bakin ƙofa ya ware hannuwa.

"In ka fasa masa kai, su kashe ka kafin la'asar. To wa zai kai Lawali gida? Ni ban san hanyar garinku ba."

Na daɗe a tsaye ina huci, sannan na ajiye gudumar. Ban yafe ba, kuma ba zan ce na yafe ba don a yaba mini. Yarinyar Alhajin na ji ta warke, na kuma yi mata murna, don ita ba ta yi mana komai ba. Ubanta ko leƙe bai zo ba.

Lawali ya farfaɗo bayan kwanaki, amma ba duka ya dawo ba. Ƙafar dama tana ja, magana sai ya nemo ta da ƙyar, wani lokaci ya san ni, wani lokaci ya yi ta kallona kamar mai son tuna inda ya taɓa ganina. In ya hangi kofi jikinsa ya ɗauki rawa, sai na dama masa koko nake samu ya sha abin da zai riƙe shi. Likita ta ce wataƙila ya ƙara samun sauƙi, wataƙila iyakar ke nan. Malam Isiya ya bi 'yan'uwansa masu sana'a a layin, kafintoci da teloli da mai walda, aka haɗa mana na mota. Ya raka mu har Kawo, ya riƙe hannun Lawali yana ta neman gafara kan kofin tofin nan, Lawali yana yi masa murmushi bai san zancen me ake ba.

Inna na faɗa mata a waya cewa Yaya ba ya jin daɗi, za mu zo ya huta. Bakina ya kasa ɗaukar sauran.

Mun isa gida da yamma, ana shirin kiran magariba. Na zaunar da shi a kan tabarma a tsakar gida, na juya in sauke jaka. Inna ta fito daga ɗaki da sauri tana lale marhabin, kuma kamar yadda ake yi wa duk wanda ya sha hanya, ta biya ta randa ta cika moɗa, ta miƙa wa babban ɗanta tun kafin a gaisa. Kafin in buɗe baki ya riga ya sauka daga tabarma ya durƙusa a kan gwiwoyinsa. Ya karɓa da hannu biyu, ya kafa kai yana kwankwaɗa, ruwa na zuba a ƙirjinsa, yana shaƙewa bai tsaya ba. Da ya shanye ya juya moɗar ƙasa ya nuna mata, ya miƙa mata ita, ya ɗaga ɗayan hannun ya kare kansa.

"Ƙaro, ranka ya daɗe," in ji shi. "Zan sha da kaina. Kada a taɓa ƙanena."

Na karɓe moɗar daga hannunsa. Inna ba ta yi kuka ba a lokacin. Ta dube shi, ta dube ni da giɓin da ke bakina, sannan ta zauna a ƙasa a gabansa ta kira shi da sunan da take kiransa tun yana goye. Shi kuwa yana ta kallon randa.